In Kuɗi Sun Shigo: Darasin da Sinanci Ya Koya wa Wani Ɗan Zongon Kwatano

A tsakiyar watan Janairu na shekarar 2024, jim kaɗan bayan sallar Asuba, wani saƙo ya shigo wayar wani saurayi a unguwar Placodji ta birnin Kwatano, can inda ruwan tafki yake gangarowa ya haɗu da teku. Daga Guangzhou aka turo shi ta manhajar WeChat, a lokacin da rana ta riga ta take a ƙasar Sin, domin sa'o'i bakwai ne tsakanin garuruwan biyu. Gaɓoɓi takwas ne kacal a cikinsa. Idan aka rubuta su da pinyin, wato tsarin rubuta Sinanci da baƙaƙen boko wanda aka amince da shi a 1958, ga abin da suka ƙunsa: Qián dào le, wǒmen jiù fā huò. Saurayin ya karanta sau ɗaya, bai ga dalilin maimaitawa ba, ya nufi ƙofar ɗakin kawunsa.

"Kawu, albishirinka."

"Goro, ɗana."

"Sun ce kuɗi sun shiga. Yanzu za su ɗora kaya."

Dattijon ya yi hamdala, ya sa masa albarka, ya ci gaba da jan carbinsa.

Kwantena guda ce ta atamfa da takalman yara, an yi odarta domin kasuwar Ƙaramar Sallah. An ba da kafin alƙalami tun watan Nuwamba, aka tura cikon kuɗin ta banki a makon da ya gabata. Lissafin ba shi da rata ko kaɗan. Sabuwar shekarar Sinawa za ta kama ranar 10 ga Fabrairu, masana'antu kuwa sukan rufe tun kafin ranar, ma'aikata su watse zuwa garuruwansu, aiki ba ya sake kankama sai bayan makonni. Jirgin ruwa yakan yi wata ɗaya da rabi ko fiye kafin ya iso Kwatano. Azumi zai kama wajen 11 ga Maris, Sallah wajen 10 ga Afrilu. Idan kaya suka tashi a Janairu za su riski azumi. Idan suka faɗa cikin hutun, sai dai su tarar kowa ya riga ya ɗinka abin da zai ɗinka. Ga shi shekarar ba ta wasa ba ce, don tun ƙarshen Yuli na 2023 aka rufe iyakar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar, abokan cinikin da suke saukowa daga Maraɗi da Birnin Ƙonni suka ɗauke ƙafa. Rabin kuɗin kwantenar jarin gidan ne, sauran rabin amanar mutane.

A Kwatano aka haifi saurayin. Faransanci ya yi a makaranta, harshen Fon yake yi da masu baburan haya da matan kasuwar Dantokpa, Hausa kuwa ta gida ce da ta masallacin Zongo. Baƙin da suke zuwa daga arewa sun sha yi masa dariya idan ya ce "Inna ya dawo", har ya yanke wa kansa hukunci tun yana ƙarami cewa Hausa magana ce ta cikin gida kawai, nahawu kuwa na Faransanci ne, harshen da ya sa shi haddace shafukan Bescherelle da bulala a gefe. Sinawa ba baƙi ba ne a garin da ya tashi. Su suka gina babban filin wasan da aka buɗe a 1982, cibiyarsu ta al'adu tana nan tun 1988, an kuma kafa Cibiyar Confucius a Jami'ar Abomey-Calavi a 2009. Shi dai zaman shago bai ba shi sukunin zuwa ko ɗaya ba. A wani ajin dare ya koyi abin da ya koya, ya ƙarasa da waya, har 'yan layinsu suka laƙaba masa Tafinta. Littafin da yake rubutu a ciki layi biyu ya raba shi, Sinanci a hagu, Faransanci a dama. A gaban 'yar kalmar nan le, da hannunsa ya rubuta passé composé, wato lokacin da Faransanci yake ba da labarin abin da ya wuce da shi. Malaminsa ya taɓa ja masa kunne cewa abin bai kai haka sauƙi ba. Ya ɗauki gargaɗin a matsayin ƙaƙale irin na malamai, tun da galibi fassarar tana biya masa bukata.

Kwana goma suka wuce babu lambar kwantena, babu takardar jirgi. Da ya tambaya, amsar da ta zo ta fi ta farko gajarta: Qián hái méi dào. Kuɗi ba su iso ba tukuna. Ashe wata takarda ce ta tsayar da su a hanya tsakanin bankuna, kuma da an bi sawu tun ranar farko da an warware cikin 'yan kwanaki. Kafin a gyara, masana'anta ta sallami ma'aikatanta.

"Ɗana, ba kai ka ce sun ce ba?"

"Ni na ce, Kawu."

Dattijon bai ƙara kalma ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

To, mene ne saƙon farko ya ce? Qián kuɗi ne, dào isa, wǒmen mu, fā huò tura kaya. Saura le da jiù, kuma a nan gizo yake saƙar. Aikatau a Sinanci ba ya sauya kama. Ba a yi masa ɗafi don jinsi ko adadi ko lokaci. Dào ɗin jiya shi ne na gobe. Idan ana son a san yaushe, sai a dubi bayanau irin su zuótiān, jiya, da míngtiān, gobe, ko kuma a dubi zancen da ake ciki. Aikin le daban ne: tana nuna cewa aiki ya kai ƙarshensa, ko cewa an shiga wani sabon hali. Ba ta faɗin ko wannan ƙarshen yana bayan mai magana ko yana gabansa. Ita kuwa jiù tana ɗaure ganga ta biyu a wuyan ta farko, tana cewa da zarar wancan ya auku wannan zai biyo. Sinanci yana da kalmar sharaɗi, rúguǒ, amma sau da yawa ba a damuwa da furta ta, jerin gangunan da jiù sun wadatar. Da mutumin Guangzhou yana nufin kuɗi sun shiga hannunsa, da ya ce Qián yǐjīng shōudào le, an riga an karɓi kuɗi. Abin da ya rubuta sharaɗi ne. Da Faransanci sai an nemo wani lokaci na musamman kafin a faɗe shi, quand l'argent sera arrivé, shi ya sa idon da ya saba da wancan ma'auni bai hango shi ba.

Saurayin ya fahimci wannan bayani a ajin dare, amma fahimta ta kai kawai. Inda abin ya shige shi a shago ne, bayan kamar mako guda. Wata mai sari ta zaɓi turmi huɗu tana neman a ba ta bashi, kawun ya amsa mata da abin da ya saba faɗa kullum: "Hajiya, in kuɗi sun shigo sai ki ɗauka." Yaron yana tsugune yana ninke atamfa, sai ya tsaya cak. Sun shigo, alhali ba su shigo ba. Sai, daidai inda jiù take zama. Jimlar da ta jawo wa gidansu asara, tun yana goye yake jin irinta da harshen uwarsa, bai taɓa kuskuren fahimtarta ba ko sau ɗaya.

A nan ya kamata ɗalibin Hausa ya dakata, domin kuskuren saurayin nan yana kwance a cikin littattafan makarantunmu ma. Ana koyar da cewa na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ne. Sunan ba ƙarya ba ne gaba ɗaya: idan aka ce "sun zo" aka yi shiru, kowa zai ɗauka zuwan ya wuce. Amma wane shuɗewa ke cikin "gobe war haka mun isa Kano"? Baƙo yakan miƙe ya ce "na tafi" ƙafarsa tana cikin zaure. Basine a daidai wannan hali cewa yake yi wǒ zǒu le. Mai ɗaukar kaya ya ce "na gaji", gajiyar kuwa yanzu take cin sa, Basine ya ce wǒ lèi le. "Na gane" shi ne wǒ dǒng le. Har ma abin da bai faru ba sam: "jirgi ya kusa isowa", chuán kuài dào le. A duk waɗannan, abin da lamirin yake nunawa shi ne kammaluwa ko shiga sabon hali, a ma'aunin wani lokaci da zancen ya kafa, ko jiya ne ko jibi. Wannan ne ya sa Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya kira wannan rukuni da sunan da yake nufin kammalalle, ya kauce wa kiran sa wanda ya wuce. Ba dole a jefar da sunan da aka saba da shi ba, jarrabawa da shi ake yi. Amma malamin da ya koyar da shi bai kawo misalin "in sun zo" a rana guda ba, ya bar ɗalibinsa da rabin gaskiya.

Harsunan biyu sun sha irin wannan awo da mudun wani. Littafin nahawun Hausa da J. F. Schön ya wallafa a 1862 da idon mai nahawun Turai aka rubuta shi. Na farko da wani Basine ya tsara wa harshensa a bisa tsarin zamani, Mashi Wentong na Ma Jianzhong, ya fito a 1898, marubucinsa kuwa a hannun limaman Katolika ya yi karatu a Shanghai, ya ƙaro ilimi a Faransa, ya ɗauko tsarin Latin ya shimfiɗa wa Sinancin adabi. Sai da aka yi shekaru saba'in kafin Yuen Ren Chao ya fitar da nahawunsa na Sinancin baka a 1968, wanda ya saurari yadda mutane suke magana a zahiri. Yaron Placodji bai san ɗayansu ba, amma hanyar da suka bi ita ya bi cikin wata guda, da kuɗin kawunsa.

Ya sayi sabon littafi, ya raba shi layi uku, ya sa Hausa a tsakiya. Saƙo na biyu, wanda ya karya masa zuciya, shi ya fara shigarwa. A can ya lura cewa le ta ɓace da zuwan méi, kamar yadda "sun zo" da "suka zo" suke narkewa su zama abu ɗaya a korewa, "ba su zo ba". Sinanci yana da kalmomin korewa biyu, kuma Bahaushe ba ya shan wahalar rarrabe su: tā méi lái, bai zo ba, tā bù lái, ba zai zo ba, ko ba ya zuwa. Guo ta zama "taɓa": wǒ qù guo Guǎngzhōu, na taɓa zuwa Guangzhou. Zài kuwa ta ba shi dariya shi kaɗai a shago. Tā zài jiā, yana gida. Tā zài chī fàn, yana cin abinci. Kalma ɗaya tana nuna zama a wuri tana kuma nuna kasancewa cikin aiki, daidai da yadda "yana" take yi. Wanda yake cikin aiki, a tunanin harsunan biyu, kamar wanda yake cikin ɗaki ne.

Inda ya fi daɗewa shi ne wajen aikatau, kuma nan ne ɗalibin da azuzuwan aikatau bakwai na F. W. Parsons suka gundura zai sami abin ɗauka. Abin da Hausa take yi da wasalin ƙarshe da karin sauti, Sinanci da ƙarin wani aikatau yake yin sa. Bahaushe ya ce shiga da shigo, fita da fito. Wasalin o na aji na shida ya juyo da aikin wajen mai magana. Basine ya ɗauko lái, zo, da qù, tafi, ya jingina: jìn qù da jìn lái, chū qù da chū lái. Bahaushe ya ce ci da cinye, sha da shanye, aji na huɗu ya ƙarar da abin ƙaf. Basine ya ƙara wán, ƙare: chī wán, hē wán. Ma'anar da aka lanƙwasa a cikin wasali ɗaya a nan, a can an baje ta a fili ana ganin gaɓoɓinta. Sai kuma tagwayen da kowane ɗan kasuwa yake tsoro, mǎi da mài. Baƙi ɗaya, wasali ɗaya. Na farko muryar tana nutsewa ta taso, ma'anarsa saya, na biyu tana faɗowa daga sama, ma'anarsa sayar. Abin da ɗafin aji na biyar yake yi a Hausa, a nan karin sauti ne ya yi shi. Abokan karatunsa da suke tunkarar abin ta Faransanci zalla suna ganin wannan azaba ce. Shi kuwa ya tuna cewa kuka na hawaye da kuka ta miya da sauti ake raba su, haka baba mahaifi da baba na rini, ko da yake rubutun boko ya yi biris da bambancin. Karin sautin Sinancin Mandarin huɗu ne, ban da wani marar nauyi. Na Hausa hawa da sauka da faɗuwa. Ba iri ɗaya ba ne, amma kunnen da ya san sauti yana ɗauke da ma'ana ya riga ya yi rabin tafiya.

Kalmomin awo ba su ba shi wahala ba. Sinanci ba ya yarda a haɗa adadi da suna kai tsaye, sai an sa wata kalma a tsakani: sān pǐ bù, uku, turmi, yadi. Ɗan kasuwar da yake cewa atamfa turmi uku, takalmi ƙafa biyu, goro ƙwarya ɗaya, ya san wannan tun tuni. Bambancin shi ne a Hausa "guda" ganin dama ce, a Sinanci takwararta ge farilla ce, sannan jerin a juye yake.

Wannan juyin shi ne iyakar zumuncin, kuma ya kamata a faɗe shi kada a ruɗu. Jimlar harsunan biyu aikau ce, aikatau, karɓau, amma a cikin yankin suna kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Hausa tana fara kawo suna, bayani ya biyo: shagon kawu, yadin da na saya jiya. Sinanci yana tara bayani duka a gaba, ya ɗaure da de, sunan ya zo a ƙarshe: jiùjiu de diàn, wǒ zuótiān mǎi de bù. Mai sauraro sai ya riƙe "ni, jiya, saya" a ka kafin ya ji cewa yadi ake nufi, kuma a doguwar jimla har yau nan ne Tafinta yake tuntuɓe. (Jiùjiu ɗan'uwan uwa ne kawai, kamar kawu, ɗan'uwan uba sunansa daban, kamar yadda Bahaushe yake da baffa. Faransanci da oncle ɗinsa guda ne talaka a nan.) A tambaya ma hanya ta rabu. Basine yana barin kalmar tambaya a mazauninta, nǐ mǎi le shénme, kai, saya, me. Bahaushe yana jawo ta gaba, jawowar kuma tana tilasta wa lamiri ya sauya: "sun sayi yadi", amma "me suka saya?" Wannan shuɗaɗɗe na biyu ba shi da takwara a Sinanci ko kusa. Hausa 'yar gidan Cadi ce a cikin dangin Afro-Asiya, Sinanci na dangin Sin da Tibet, babu jini tsakaninsu. Kamannin da aka gani na dabara ne, irin wanda masaƙa biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suke iya dacewa a kai. In ma kama ake nema ta ginin jimla, harshen Fon da yake ji kullum a bakin titi ya fi Hausa kusa, don shi ma jera aikatau yake yi ba tare da ɗafi ba.

Batun jinsi ne ya taɓa masa tsohon miki. A bakin Basine tā ita ce shi, ita ce ita. Sai a wajen 1920 marubuta irin su Liu Bannong suka yaɗa wani harafi na daban don mace, shi ma a rubuce kawai, furucin bai sauya ba. Harshen da ɗaruruwan miliyoyin mutane suke magana da shi yana tafiya lafiya ba tare da ya da ta ba. Masana sun daɗe da bayyana yadda Hausar zangunan Gana ta saki wannan bambanci, kasancewarta harshen ciniki a tsakanin al'ummun da harsunansu ba su da shi. "Inna ya dawo" ba daidaitacciyar Hausa ba ce, kuma wanda ya rubuta ta a jarrabawa zai ga jan biro. Amma tana da tarihi da dalili, ba rashin ƙa'ida ba ce. Abin mamakin shi ne, daga lokacin da ya daina jin kunyarta ya fara gyara ta, yana tsayawa ya tambayi kakarsa ko kujera "ce" ko "ne".

Kwantenar ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙarshen Afrilu, Sallah ta wuce da makonni. Atamfar ta jira Babbar Sallah a watan Yuni, ta fita a hankali. Takalman yaran ne suka zama ciwon kai, aka karyar da mafi yawansu. Kawun ya sayar da wani fili ya mayar wa masu amana kuɗinsu, bai kuma karɓe wayar daga hannun yaron ba, ko da yake wasu sun ba shi shawarar ya nemi wani tafinta. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kowane saƙo a karanta masa shi sau biyu, a juya shi da Hausa kai tsaye, kada a bi ta Faransanci. Dattijon bai iya Sinanci ba, ba shi kuma da niyyar koya, amma gaɓa ɗaya ta zauna masa a kunne. Ranar da saƙon oda ta gaba ya shigo, ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Na ji le a ciki. Wannan na an yi ne, ko na in an yi?"

Yaron ya sake duba wayar, ya bi jimlar da yatsa yana neman jiù.

"Na an yi ne, Kawu. Ga lambar kwantenar ma sun turo."